Mutum Goma a Bakin Nilu: Tarihin Jama'ar Yahudawan Hartum

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyadar da manoman Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta ke nomawa ta riƙa jawo baƙin 'yan kasuwa daga nesa, kuma a cikinsu akwai Saul Raccah, Bayahude ɗan Tarabulus, wanda a shekarun 1930 ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da manyan kamfanonin Turawa wajen sayenta. Haka ƙasar Kano ta fi sanin Bayahude a wancan zamani: mutum ɗaya, da sikelinsa da 'yan barandarsa. Wanda ke son ganin Yahudawa a matsayin jama'a, da ɗakin ibadarsu da bukukuwansu da zaman makokinsu, sai ya bi hanyar da alhazanmu na dā suka bi da ƙafa, ta Borno da Wadai da Darfur, har inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. A can ne wata 'yar ƙaramar jama'a ta tashi, ta yi kusan shekara 70 tana taruwa, sannan ta watse a kan idon mutanen da suka gina ta.

Labarin ya fara ne da rushewa. A ranar 26 ga Janairun 1885 rundunar Muhammadu Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, ta ci Hartum, aka kashe Janar Gordon da ke tsaron garin, mulki ya koma Umdurman a ƙetaren kogi. Mahadi bai yi wata shida bayan nasarar ba ya rasu, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Gidajen Yahudawan da juyin ya rutsa da su ba su wuce takwas ba, kuma an tilasta musu shiga Musulunci tare da Kiristocin garin, aka zaunar da su a unguwar Masalma, wasunsu suka auri matan ƙasar. Shekara goma sha uku suka yi a wannan hali, ba Asabar a fili, ba idi, ba karatun Attaura a cikin jam'i. Babba a cikinsu shi ne Ben Zion Koshti, wanda mutanen Umdurman suka sani da Basyuni. Da rundunar Janar Kitchener na Ingila ta karya ta Halifa a Karari ranar 2 ga Satumban 1898, aka buɗe wa kowa ƙofar zaɓi, sai gidajen suka rabu biyu: wasu suka tabbata a Musulunci, zuriyarsu na nan a Sudan har yau, wasu kuma, da Basyuni a gaba, suka koma addinin iyayensu.

Komawar ba ta zo da sauƙi ba, domin a addinin Yahudu akwai ibadun da mutum ba ya yi shi kaɗai. Ba a fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta wa jama'a, ba a kuma yin addu'ar da ɗa ke yi wa mahaifinsa da ya rasu, sai maza baligai goma sun hallara. Mai karatu da ya tashi a mazhabar Malikiyya zai gane nauyin wannan sharaɗi, tun da ya san Juma'a ba ta tsayuwa sai da mutum goma sha biyu mazauna gari banda liman. A babban birni ba wanda ke kula da ƙidayar. A jama'ar da mazanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, zazzaɓin mutum ɗaya ko tafiyar fataucinsa na iya hana sauran tara yin sallarsu, don haka kowa ya san inda ɗan'uwansa ya kwana, kuma rashin zuwa taro ya zama abin da ake bin sawunsa har gida. Abin da ya cike gurbin shi ne layin dogo, wanda ya iso arewacin Hartum daga Wadi Halfa a ƙarshen 1899, ya riƙa sauke 'yan kasuwa daga Masar da Iraƙi da Sham, masu cinikin yadi da ƙaro da fata da ƙirgi.

A 1906 wani matashin malami, Rabbi Sulaiman Malka, ya sauka Umdurman. An haife shi a Maroko a 1878, ya yi karatu a ƙasar Falasɗinu, ya zo daga Ɗabariyya yana da shekara 28. A daidai wannan lokaci wasu baƙin ma suna isowa Sudan daga yamma. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Jama'u biyu ke nan na baƙi a ƙasa ɗaya, kowace tana ƙoƙarin riƙe addininta da harshenta nesa da gida, ɗaya a gona, ɗaya a kanti.

Aikin da Malka ya tarar ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma shi kaɗai ne. Shi ke jan salla, shi ke yanka dabba bisa ƙa'idar addinin, wadda in babu ita gidan mai kiyaye doka ba ya cin nama. Shi ke yi wa jarirai maza kaciya a rana ta takwas, shi ke ɗaura aure, shi ke koya wa yara Ibrananci, shi ke raka gawa. Abu mafi wuya shi ne batun matan da aka aura a zamanin Mahadi da 'ya'yan da suka haifa, domin a shari'ar Yahudu ɗa yana bin uwa ne. Da ya tsananta, da ya raba gidajen da suka fi kowa daɗewa a ƙasar, da kuma jama'ar ta mutu tun tana jaririya. Sai ya karantar da su ya shigar da su addinin, aka zama abu ɗaya. A ganina wannan hukunci ne ya kafa jama'ar, fiye da duk wani tubali da aka ɗora daga baya, domin shi ya haɗa tsofaffin Umdurman da sababbin zuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Shekara 43 Malka ya yi a kan wannan aiki, yana wa'azi da Larabci, harshen da jama'arsa ke yi a gida da kasuwa, har jaridar Yahudawan Alƙahira mai suna Al-Shams tana buga rubuce-rubucensa.

Da ciniki ya koma Hartum, jama'ar ta bi shi, kuma a 1926 aka buɗe majami'a a kan titin Victoria, babban titin da ya miƙe daga fadar gwamna zuwa tashar jirgin ƙasa. Daga nan rayuwa ta samu tsari na mako da na shekara. Ranar Juma'a kafin faɗuwar rana a rufe kanti, uwargida ta kunna fitilun Asabar, a yi addu'a a kan gurasa, iyali su ci abinci tare. Da safe a tafi majami'a, bayan an fito kuma a shiga gaishe-gaishe gida-gida. A lokacin bazara a yi Idin Ƙetarewa, kwana takwas ba a cin abin da aka sa wa yisti, a daren farko kuma ƙaramin yaro ya yi tambayoyi, manya su amsa masa da labarin fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, suna zaune a bakin kogin da labarin ya faru a kansa. Da kaka ta kusa a shiga sabuwar shekara da busa ƙahon rago, bayan kwana goma a yi Ranar Kafara da azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, sannan Idin Bukkoki, inda ake kafa rumfa a tsakar gida a ci abinci a cikinta har kwana bakwai. A waɗannan manyan ranaku ne iyalan Wad Madani da Bur Sudan da sauran garuruwa ke shigo jirgi su zo Hartum, su sauka a gidajen dangi, domin a inda suke ba kullum goma ke cika ba.

Tsakanin idi da idi kuwa, al'amuran gida ne ke tara mutane. Kaciyar jariri taro ce ta kowa. Ranar da yaro ya cika shekara goma sha uku ya hau ya karanta Attaura a gaban jama'a taro ce ta kowa, kuma tana da ma'ana ta musamman a nan, tun da daga ranar an samu ƙarin mutum ɗaya a ƙidayar goma. In an yi rasuwa, iyalan mamaci su zauna a ƙasa kwana bakwai, maƙwabta su kawo abinci, maza su riƙa zuwa safe da yamma don a cika adadin da za a yi addu'a. A jama'ar da ko a lokacin bunƙasarta, a shekarun 1940 da 1950, ba ta wuce mutum 1,000 ba, babu bikin da za a ce na wasu ne.

Hartum ta zamanin Turawa gari ne na kulob-kulob: Ingilishi da nasu, Girkawa da nasu, haka Armeniyawa da mutanen Sham. Yahudawa ma suka buɗe nasu a jikin majami'a, kuma ba da daɗewa ba ya zama zuciyar jama'ar. Da rana ta yi sanyi iyalai su hallara, manya su zauna hira da karta, samari su yi wasanni a ƙarƙashin ƙungiyar Makabi, a idin Furim kuma yara su yi shigar ban mamaki, a yi rabon kayan zaƙi da sadaka ga marasa ƙarfi. Wannan ba nishaɗi kawai ba ne. Yaran suna karatu ne a makarantun mishan, irin su Kwalejin Komboni, inda suke cuɗanya da kowa, don haka kulob ne wurin da saurayi zai ga budurwa ta addininsa, iyaye kuma su ga juna su daidaita. Sai dai gaskiyar tarihi ita ce katangar da ta riƙe su a haɗe ita ce kuma ta ware su. Sun yi Larabcin Sudan, sun yi ciniki da abota da Musulmi, amma a tsanin da mulkin mallaka ya kafa suna tsakiya ne tare da sauran baƙin 'yan kasuwa, yayin da Hausawa da Fulanin da suka tsaya neman guzurin Makka suke can ƙasa, suna tsinkar auduga a gonakin Jazira tun da aka gama madatsar Sannar a 1925.

Abin da ya karya jama'ar daga nesa ya taso. A 1948 aka kafa Isra'ila, aka yi yaƙin da ya raba ɗaruruwan dubban Falasɗinawa da gidajensu, kuma tun daga lokacin kowane Bayahude a ƙasashen Larabawa ya fara ɗaukar nauyin rigimar da ba a garinsa ake yi ba. A 1949 Rabbi Malka ya rasu, aka sa wa majami'ar sunansa, aka kuma yi shekaru ba a samu wanda ya zauna daram a gurbinsa ba, sai a 1956 da Rabbi Mas'ud Elbaz ya zo daga Masar. Shekarar ta zo da abu biyu: Sudan ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, a ƙarshen Oktoba kuma Isra'ila da Ingila da Faransa suka afka wa Masar a kan mashigin Suwez. Jaridu suka ɗau zafi, zargi ya yi yawa, iyalai suka fara sayar da kantuna suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaramar jama'a ba ta bukatar a kore ta kafin ta ƙare. Gida ɗaya in ya tashi, an rasa mutum biyu ko uku a sahun Asabar, an rasa 'yan mata da samarin da wasu gidajen ke sa rai da su, sai uban da ke da 'ya ta isa aure ya duba kulob ya ga ba kowa, shi ma ya fara shiri. Kowace tafiya tana haifar da ta gaba. Garuruwan nesa suka fara zama kango, sannan Umdurman da Hartum Bahri. Yaƙin Yunin 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa ya zo ya tarar da ragowar, aka kama wasu mazajen aka tsare, kuma a ƙarshen Agustan shekarar shugabannin Larabawa suka yi taronsu a Hartum ɗin kanta, inda suka yanke cewa ba sulhu da Isra'ila. Ja'afar Numairi ya karɓi mulki a Mayun 1969, a 1970 ya mayar da bankuna da manyan kamfanoni hannun gwamnati, kuma kafin wannan shekara ta ƙare kusan duk jama'ar ta bar ƙasar, wasu zuwa Isra'ila, wasu Ingila, wasu Amurka, wasu Siwizalan.

Mutanen Mai Wurno da sauran Hausawan Sudan ma sun sha tasu wahalar, domin dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar da yawa cikinsu a matsayin baƙi a inda aka haife su. Amma suna da yawa, suna da gona, addininsu kuma ɗaya ne da na masu ƙasa, don haka suka zauna, suna nan har gobe a Sannar da Gadarif da Kassala.

A tsakiyar shekarun 1970, da aka ga maƙabartar Hartum ba ta da mai kula da ita, 'ya'yan jama'ar da ke waje suka nemi izini aka tono wasu daga cikin mamatansu, har da Rabbi Malka, aka sake binne su a Birnin Ƙudus. A tsakiyar shekarun 1980 aka sayar da majami'ar, aka rushe ta, banki ya hau filin. Ɗan malamin, Eli Malka, ya wallafa tarihin jama'ar a Amurka a 1997, daga baya kuma Daisy Abboudi, jikar waɗanda suka fito daga Sudan, ta bi tsofaffin da suka rage tana naɗar labaransu da irin girkinsu. Ɗaya daga cikin yaran da suka tashi a wannan majami'a, Nessim Gaon, wanda aka haifa a Hartum a 1922, ya zama hamshaƙin ɗan kasuwa a Janeba, ya gina majami'a a can, ya kuma daɗe yana shugabantar ƙungiyar Yahudawan Safardi ta duniya. Harkokinsa sun kawo shi Najeriya, kuma kamfaninsa ne ya gina otal ɗin Nicon Noga Hilton da aka buɗe a Abuja a 1987, wanda yau ake kira Transcorp Hilton. Gaon ya rasu a 2022 yana da shekara 100.