Baturen da ya bi sawun allura: David Heathcote da tarihin aikin riga

 Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma maganar reno ba. Tarihi za mu taɓa, amma ba irin wanda muka saba ji na Bayajidda da rijiyar Kusugu ba. Tarihin riga ne, babbar riga da wando da hula, da labarin wani Bature ɗan Ingila mai suna David Heathcote wanda ya yi shekara 12 a Zariya yana bin masu allura da zare yana rubuta abin da suke yi.

Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da rigar maza? Ki ɗan saurara, 'yar uwa. Duk rigar da kika gani a hawan Sallar Gani, in dai ta gargajiya ce ta ainihi, a hannun mace ta soma. Mace ce ta gurje auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi har dare ya raba. Ko zaren tsamiya, wannan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, mata ne ke dafa gidan tsutsar da toka, su wanke, su kaɗa. Sai da zare ya fita daga cikin gida sannan masaƙi ya karɓa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buge, maɗinki ya haɗa. Ashe kuwa da ruwanmu.

An haifi Heathcote a Landan a 1931. Shi asalinsa mai zane ne da sassaƙa, ba masanin tarihi ba. Ya yi karatu a kwalejin zane ta Kantabari, daga nan ya wuce makarantar Slade da ke Landan, wadda tana cikin manyan makarantun zane na ƙasar Ingila. Ya koyar a Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, kafin ya iso Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Jami'ar a lokacin shekararta 5 da kafuwa. Aka danƙa masa koyar da tarihin zane-zane a sashen da, shekaru kaɗan kafin zuwansa, ya yaye su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo.

To a wancan zamani, in Bature ya ce fasahar Afirka, abin da ke ransa gumaka ne da fuskokin dodanni na itace, da tagullar Binin da ta Ife. Ƙasar Hausa kuwa, tun da Musulmi ne ba sa sassaƙa siffar mutum, sai aka ɗauka kamar ba su da wani abin nunawa. Heathcote da ya shiga birnin Zazzau ya duba, sai ya ga fasahar tana nan, a jikin mutane take yawo. Tana ƙirjin riga, tana ƙafar wando, tana kan hula, tana jikin sirdi da jalala da burgami, tana bangon zaure, tana bakin allon zayyana. Abin da muke gani kullum har idonmu ya daina ganinsa, shi ne ya tsaya wa baƙo a rai.

Yadda ya yi aikinsa shi ne ya fi burge ni. Bai zauna a ofis yana karanta abin da matafiya suka rubuta ba kawai. Ya je wurin masu sana'ar a Zariya da Kano da Katsina, ya ɗauki hotuna, ya tambayi sunan kowane zane da kowane irin suka na allura, ya sayi riguna da wanduna da huluna, ya kuma tara takardun da gwanaye ke zana fasalin aiki a kai. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a soka allura, sai mai zane ya ɗauki alƙalami da tawada, irin dai na makarantar allo, ya fitar da fasalin a jikin ƙyalle. Da yawan masu aikin riga a da malamai ne da almajirai, suna ɗinki a zaure tsakanin karatu da karatu, da shi suke ci da kansu. Hannun da ya saba rubutu a allo shi ne yake zana tambari a riga. Idan aka gama aiki zare ya rufe tawada, zanen ya ɓace, sunan mai zanen ma ya ɓace. Da Heathcote ya adana takardun nan, sai ga shi ana iya ganin yadda gwani yake tunani, inda ya bi na magabata da inda ya ƙara nasa.

Daga 1972 rubuce-rubucensa suka riƙa fitowa a mujallun masana, irin su African Arts ta Amurka, da Savanna ta jami'ar Zariya, da Nigerian Field. Ya yi rubutu a kan wani mai aikin riga na Katsina, da tarin zanen wani gwani na Kano, da wani baduku na birnin Zariya, da Musa Yola mai zanen bango, da hulunan hannu, da suturar mata. A 1974 ya rubuta a kan wata rigar laya, irin wadda ake cike ta da rubutu da hatimi don tsari. Kin lura? Mutum ɗaya yake ɗauka ya zauna a kansa. Alhali al'adar masana a lokacin ita ce su ce "Hausawa suna yin kaza", kamar dai riga tsirowa take yi daga ƙasa ba wani ne ya ɓata wata da watanni a kanta ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan rigar kanta, don yaranmu na yanzu da yawa ba su san sunayen ba. Aikin yana taruwa ne a ƙirji ta hagu, wajen aljihu, ya zagaye wuya, ya haura kafaɗa. Waɗannan dogayen tsinin da suke saukowa su ne asake, daga su ake samun aska biyu da aska takwas. Da'irar nan mai naɗewa a dama, wadda ake maimaita ta a baya, ita ce tambari. Akwai gidan biyar, akwai dagi, wanda a zamanin Sardauna ya zama alamar Arewa baki ɗaya. Akwai kwaɗo da linzami, ɗan aiki kaɗan a wuya na mai ƙaramin ƙarfi. Sai malum-malum, wadda aiki ke lulluɓe ta gaba da baya har da ƙyar ka ga ƙyallen. Shi ma ƙyallen da sunansa: saƙi mai kamar gashin zabo, ƙore mai baƙin shuni da ƙyalli, bullam fara, tsamiya, barage mai ja. Jan nan na barage kuwa alharini ne, ragowar siliki da ake rinawa a ɗauko a bayan raƙumi daga Tarabulus ta Gadamas har Kano. Ki duba fa, riga ɗaya: audugar gonarmu, kaɗin tsohuwa, shunin karofi, silikin da ya ƙetare Sahara, da zanen malami.

Kuma ba ƙaramar dukiya ba ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke aikawa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Wasu daga cikin rigunan da suka fi tsada a kasuwa daga ƙasar Nufe ake kawo su, don a daular Usmaniyya sana'ar ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Sarki kuma da riga yake magana. In ya naɗa ka ya ba ka riga, in ka yi abin kirki ya ba ka riga, in baƙo ya zo a sallame shi da riga. Mu nan Daura, da sarautar gidan Haɓe ta dawo birni a 1906 hannun Malam Musa, har zamanin Sarki Abdurrahman da na Sarki Muhammadu Bashar wanda ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawa ya san ana gane matsayin mutum tun daga nesa, kafin maroƙi ya buɗe baki.

Masana sun yi ta muhawara a kan ma'anar waɗannan zane-zane. Wasu na ganin asake da gidan biyar dangin hatimi ne, tsari ne daga kambun baka da sammu. Wasu na ganin ado ne kurum da aka gada. Ni dai a nawa ganin, tun da malamin da ke rubuta laya shi ne ke zana riga, ba abin mamaki ba ne hannu ya ɗauko daga nan ya sa a can.

Babban abin da ya fito da sunan Heathcote shi ne baje kolin 1976. A shekarar an yi gagarumin bikin nuna al'adun duniyar Musulmi a Landan, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe. Aka kawo Alƙur'anai na hannu, da dardumar Farisa, da kayan kimiyyar Larabawa. Shi kuma ya shirya ɓangaren Hausa a cibiyar ƙasashe renon Ingila da ke unguwar Kensington, ya rubuta littafin da ya raka shi mai suna The Arts of the Hausa. Aka jera riga da buje da hula da kayan doki da aikin fata da ƙwarya da faifai, kafaɗa da kafaɗa da kayan Masar da Turkiyya. A 1979 ya kammala digirinsa na uku a nan jami'ar Zariya, a kan aikin allura a suturar Hausawa. A shekarar ya koma gida, ya ci gaba da koyarwa a kwalejin Christ Church da ke Kantabari, yana kuma zanensa da sassaƙarsa. A 2008 babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya karɓi ɗaruruwan kayan da ya tara.

To nan ne fa zuciyata ta rabu biyu, ba zan ɓoye maku ba. Saye ya yi, ba kwasar ganima ba irin ta Binin a 1897, wannan dole a faɗa. Kuma da bai tara ba, da yawansu da gara da asu sun gama da su, ko an yayyanka an yi tsumma. Amma ɗiyar Daura da ke karatun zane a yau, in tana son ganin waɗannan kaya da idonta, sai ta nemi biza, ko ta haƙura da hoto a intanet. Rubutun nasa kuma duk da Turanci ne, a mujallun da mai ɗinkin da aka yi rubutun a kansa ba zai taɓa karantawa ba. Wannan ba laifin Heathcote ba ne shi kaɗai. Jami'o'inmu na da sassan Hausa tun shekaru aru-aru, fassara ba ta gagare su ba.

Abu na biyu, ya zo ne a kan gaɓa. Shekarun da ya yi a Zariya su ne shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, shadda ta cika kasuwa, keken surfani ya yawaita, masaƙun Kaduna da Kano suna fitar da yadi ba dare ba rana. Mazari ya soma komawa ƙarƙashin gado. Aikin da hannu ke yi a wata uku, keke ya gama shi a kwana biyu. Maza da yawa suka ajiye allura suka kama aikin albashi ko suka hau keke.

Wa ya ɗauki allurar da suka ajiye? Mu ne. A birnin Zariya, daga shekarun 1970, matan kulle suka shiga aikin babbar riga gadan-gadan, sana'ar da a da ake ce ta maza ce. Ɗinkin hula kuwa ba sai na faɗa maku ba, ku da kuke yi tsakanin sanwa da tuƙi, yarinya na haɗa kayan ɗakinta da shi, bazawara na biyan kuɗin makarantar ɗanta da shi. Wata Ba'amurkiya masaniya, Elisha Renne, ita ta bi wannan sawu bayan Heathcote, ta yi rubutu a kan matan Zariya masu aikin riga, kuma a 1994 aka kafa ƙungiyarsu mai sunan Sarauniya Amina. Colleen Kriger ta yi nata a kan rigunan daular Usmaniyya, Philip Shea wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero ya yi a kan rini da fataucin tufafin Kano. Duk wanda ya taɓa maganar aikin riga a cikinsu, sai ka tarar da sunan Heathcote a rubutunsa.

Sai dai shi namiji ne, baƙo kuma. Iyakarsa zaure. Abin da ke bayan zaure, wato wace tsohuwa ce ta fi iya kaɗin siririn zare a unguwa, nawa ake sayen curi, wa ya koya wa wa surfani, yadda ake saƙa gwado a tsaye jikin bango, wannan ba Bature ne zai shiga ya rubuta ba. Masu wannan sani suna nan cikin gidajenmu, sun tsufa, kullum ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan shiri. In akwai tsohuwar riga ko buje ko gwado a adakar gidanku, kar a ba yara su yi shimfiɗa da shi, kar kuma a sayar wa 'yan gwangwan don an ga ya koɗe. A fito da shi a shanya a inuwa, ba a rana ba, a naɗe da farin ƙyalle, a ɗaga shi daga ƙasa saboda damshi da gara. Ki zauna da Goggo ko Inna ki tambaye ta: na wa ne, a ina aka saƙa, wa ya yi aikin, me ake kiran wannan zane, a wane biki aka fara sawa? Ki rubuta a takarda ki sa a cikin naɗin, ki ɗauki hoto da waya gaba da baya, har da cikin aljihun, don a nan ake gane hannun mai ɗinki.