Daga Gidan Maɗori Zuwa Ɗakin Gashi

Sa'ad da Haɓen Katsina suka tattaru a bakin gulbin Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, Gobirawa kuma suka bi sahunsu suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, garuruwan biyu sun zauna ne bisa doki da takobi, kuma duk ƙasar da mahaya suka yawaita a cikinta ba ta rasa karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, don haka maɗori ya zama ma'abocin daraja a cikinsu. Ba a zuwa makaranta domin ɗori. Gado ne, ɗa yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar majinyaci tun yana ƙarami, yana duban yadda ake ja, ake daidaitawa, ake jera karare a ɗaure da tsumma, ana tofa addu'a, har ranar da za a yi masa izini. Bayan kwance ɗori sai gashi da ruwan zafi da tausa da man shanu, wanda galibi tsofaffin mata ke ɗauke da shi, kuma wannan rabin na biyu, da ba a cika yaba masa ba, shi ne asalin abin da yau ake kira gashin ƙashi.

Ilimin nan na da haddinsa. Ya iya ƙashi, amma jijiya ta gagare shi, shi ya sa yaron da shan inna ya shanye wa ƙafa akan kai shi wurin 'yan bori, kuturu kuwa a bar shi da ƙoƙon bara. A Danja, cikin ƙasar Jiratawa, al'amarin ya fara sauyawa, inda mishan ɗin SIM ta buɗe asibitin kutare a 1956. Can aka gane cewa ko magani ya kashe cutar, yatsun da suka ƙandare ba sa miƙewa sai da jiƙo da shafa mai da motsawa kullum, tafin da ya daina jin zafi kuwa sai an yi masa takalmi na musamman, in ba haka ba gyambo ya cinye shi.

A kudu kuwa sana'ar ta shiga jami'a: Ibadan ta fara digirinta a 1966, Kano ta gina nata a jikin asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, kafin karatun ya koma hannun Jami'ar Bayero. Ƙasashen da Faransa ta rena suna da nasu mashigi, makarantar ENAM ta Lome da makarantar gashin ƙashi ta Kwatano. Maraɗi ta sami jami'arta a 2010, wadda daga baya aka laƙaba wa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Ɗalibin Maraɗi da ya ci jarrabawar bak a yau yana gaban wani zaɓi da kakansa bai sani ba. Kano ta fi kusa, majinyatanta Hausa suke ji, amma karatun da Ingilishi ne. Lome da Kwatano nesa suke, sai dai da harshen da ya saba da shi tun firamare ake karatun. A ganina shuhurar jami'a ba ita ce mizani ba, domin wannan fanni a hannu yake zaune: a tambayi asibitin da ke jingine da makarantar, da adadin majinyatan da ɗalibi zai taɓa a gaban malaminsa, sannan a tabbata hukuma a Yamai za ta amince da shahadar. Majinyatan da ke jiransa ma sun sauya, don maimakon mahayin da doki ya kayar, yanzu ɗan kabu-kabu ne da dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, kuma da yawansu sai sun biya ta gidan maɗori kafin su iso asibiti.