Kiwon kaji a gida daga Sayam Forage zuwa bakin Komadugu: me ke cinye su, yaya ake tsare su

Sayam Forage yana cikin kwamin ɗin Shetimari, wajen kilomita 45 a arewa maso yammacin garin Diffa. A da an fi sanin Sayam da cibiyar kiwo ta gwamnati inda ake renon shanun Kuri, masu manyan ƙahonin nan na tafkin Chadi. A ƙarshen watan Disamba na 2014 gwamnatin Nijar da hukumar HCR suka buɗe sansanin ƴan gudun hijira a wurin, domin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga jihar Borno suka tsallako Komadugu Yobe. Tun da aka rufe sansanin Kablewa a 2017, shi kaɗai ya rage sansani na hukuma a jihar Diffa, kuma mazaunansa sun haura dubu 30.

Akasarin waɗannan iyalai sun baro shanu da awaki da gonaki a baya. Kaza ce dabbar da mutum ya fi saurin sake mallaka: kuɗinta kaɗan ne, ba ta son makiyayi, ba sai an kai ta daji inda babu tsaro ba. Haka abin yake a unguwannin Diffa da ƙauyukan bakin kogi, inda dokar ta-ɓaci da aka kafa a Fabrairun 2015 ta daɗe tana taƙaita cinikin kifi da tattasai da hawan babur. A gidaje da dama kaza ita ce asusun uwar gida. Da ita ake sayen maganin yaro da sabulu da littafin makaranta, ita ake yanka wa baƙo. Shi ya sa ɓatan ƴan tsaki goma ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin da ke nuna inda asarar take

Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, kuma takan maimaita haka sau uku ko huɗu a shekara. Da a ce duk abin da ta ƙyanƙyashe yana rayuwa, da kaza uku sun cika gida cikin shekara guda. Amma duk mai kiwo ya san yadda ake yi: kaza ta fito da ƴan tsaki goma sha, bayan wata biyu a ga uku ko huɗu suna bin ta. Mafi yawan asarar a makonni shida na farko take, lokacin da ɗan tsako bai iya gudu ba, bai iya tashi ba, kuma sanyi ko ƙishirwa ta yini ɗaya kan kashe shi. Sauran asarar kuma cikin dare take zuwa, ko a lokacin hunturu. Wanda ya gane waɗannan lokuta uku ya san inda zai sa ɗan kuɗin da yake da shi.

Masu zuwa ta sama

Shirwa ce aka fi zargi, kuma ba a yi mata ƙazafi ba. A wannan yanki kusan ba ta da hutu. Mai ruwan ɗorawar baki tana biyo damina daga kudu, sannan mai baƙin baki tana zuwa daga Turai ta yi lokacin sanyi a nan. Inda mutane suka taru da yawa, akwai mahauta da juji da wurin gyaran kifi, nan shirwa take shawagi, don haka sansani irin na Sayam da gefen kasuwannin Diffa sun fi ƙauyen daji jawo ta. Tana ɗaukar ɗan tsako ne da rana tsaka, a fili, ba ta barin alama sai ihun uwar. Babbar kaza ta fi ƙarfinta. Shaho ya fi ta sauri, yana iya bugun sagara ko tattabara. Hankaka kuwa ƙwai yake nema: in aka tarar da ɓawo a huje, an shanye cikinsa, aikinsa ne.

Matsalar Sayam ita ce sararin ya yi yawa. Ƙasar yashi ce, itatuwan kusa sun ragu saboda neman itacen girki, ɗan tsako ba shi da wurin fakewa idan uwar ta yi gargaɗi. Maganin ba mai tsada ba ne. A kife ƴan tsaki da uwarsu cikin babban kwando mai faɗi, ko keji na sanduna da aka lulluɓe da tsohon gidan sauro da ya gama aiki, a ajiye shi a inuwa, a riƙa gusar da shi zuwa wuri mai tsabta kowace rana. A yi haka mako huɗu zuwa shida. Bayan nan a sake su da hantsi ko da la'asar lokacin da akwai mutum a tsakar gida. Tarin ƙaya ko ƴar rumfa mai gajerun ƙafafu a kusurwar gida tana ba su mafaka. Wasu suna shafa wa ƴan tsaki shuɗi ko jan launi don shirwa ta kasa gane su, wasu suna rataya tsofaffin faifai masu ƙyalli. Ba laifi a gwada, amma shirwa tana saba wa da abin da ba ya cutar da ita, kuma launi ba rufi ba ne.

Sharaɗin kullewa shi ne ciyarwa. Ɗan tsakon da aka hana kiwo dole a kawo masa abinci, in ba haka ba an cece shi daga shirwa an miƙa shi ga yunwa. Tsakin gero ko na dawa da dusa kaɗai ba sa gina jiki. A haɗa da garin busasshen kifi, wanda ba ya wuyar samu a jihar da ke maƙwabtaka da tafkin Chadi, ko tunkuza, ko gara. Hanyar kama gara tsohuwa ce: a cika tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri, a ɗauka washegari da sassafe. Ruwan sha a zuba a faranti marar zurfi, a jefa ƴan duwatsu ciki, domin ƴan tsaki da yawa a kwanon ruwa suke nutsewa.

Masu zuwa da dare

Nan ne ake yawan kuskure, domin mai gida bai ga ɓarawon ba, sai ya yi maganin abin da ba shi ne ya yi ɓarnar ba. Kowane mai farauta yana da irin sawun da yake bari.

Muzuru yakan kama kaza ɗaya, ya ja ta bayan darni ko saman katanga, a tarar da gashi a warwatse da ragowar fukafukai. Shi ne babban abokin gaba a cikin garin Diffa, kuma katanga ba ta tare shi. Dila da yanyawa sun fi yawa a gefen daji, kamar bakin sansanin Sayam da rugagen da ke kewaye. Su haƙa suke yi ta ƙarƙashin zana, su tafi da kazar gaba ɗaya, da safe sai rami da sawu a kan yashi. Tunku yana shiga ta ƙaramar kafa, yana kama wuya ko kai, kuma yakan kashe fiye da abin da zai ci. Kare shi ma yana kashe da yawa ya bar su a yashe, amma da hayaniya yake yi. Ɓera da gafiya suna jan ƙananan ƴan tsaki daga ƙarƙashin uwarsu, suna kuma cinye dusa. Idan ƙwai suna raguwa babu ɓawo ko ɗaya a ƙasa, a yi zargin maciji, musamman kumurci ko gamsheƙa. A bakin Komadugu akwai ƙarin guza, wadda ke fitowa daga ruwa da rana ta kwashe ƙwan agwagi da na kaji. In kuwa babu gashi, babu jini, babu rami, kuma zakaran da ya fi girma ne ya ɓace ana saura kwana uku Salla, to wannan mai farautar ƙafa biyu gare shi.

Akurkin da zai yi aiki dole ya amsa duk waɗannan. Ya kasance yana da ƙofa da ake kullewa da magariba, kowace rana, ba sai ranar da aka tuna ba. Kada a bar kafar da yatsa biyu za su shiga. A ƙasar yashi, inda haƙa ba ta da wuya, ya fi kyau a ɗaga shi a kan ƙafafu kamar mita ɗaya daga ƙasa, a yi masa daɓen sanduna a jere, a naɗe ƙafafun da gwangwani ko guntun kwano mai santsi don ɓera da maciji su kasa hawa. Wanda ya fi son na ƙasa, sai ya binne ragar waya ko tubali kamar santimita 30 a kewaye. A bakin kogi akwai laka mai kyau ta gina akurki, amma akwai ambaliya: Komadugu ta yi ɓarna mai yawa a 2019 da 2022, kuma idan ruwa ya cika ramuka, macizai da ɓeraye tudu suke nema, wato cikin gidaje. Don haka can ma a gina a wuri mai tudu. A share ciyawa da tarin itace daga jikin akurki. Kada kowa, balle yaro, ya zura hannu cikinsa da dare ba tare da fitila ba.

Wani kuskuren shi ne toshe akurki ruf saboda tsoron muzuru. A watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa yana wuce digiri 40, kaza kuma ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. Akurkin kwano ko na tampol marar iska yana iya kashe kaji cikin dare ɗaya fiye da abin da muzuru zai ci a wata. A bar tagogi a sama, a rufe su da raga, a yi rufin da kaba ko zana.

Zabi sun fi wuyar sha'ani. Sun fi son kwana a kan itace da yin ƙwai a cikin ciyawa nesa da gida da damina, inda kare da maciji da hankaka suke riga mai su. Masu kiwo sun daɗe da gano dabara: a kwashe ƙwan a sa wa kaza ta kwanta, su ƙyanƙyashe cikin kwana 26 zuwa 28, su tashi suna bin ta zuwa akurki.

Batun guba, a bar shi. Naman da aka barbaɗa wa maganin ɓera ko na ƙwarin gona ba ya zaɓen wanda zai kashe. Yana kashe kare da kyanwar gida da angulu, kajin ma suna tsattsaga, kuma a wuri mai cunkoso irin na sansani yara suna wasa a ko'ina.

Annobar hunturu

Duk da haka, abin da ke share gida kaf ba shi da farce. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasul tana tashi ne galibi da iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya kashe kusan duka cikin mako ɗaya ko biyu. Ba ta da magani. Kafson da ake saye a tebur, da barkono ko sassaƙen maɗaci a ruwan sha, ba sa kashe ƙwayar cutar. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta: akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi kuma ake maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Ana neman su wurin ma'aikatar kiwo ko likitocin dabbobi masu zaman kansu na tsarin SVPP da mataimakansu na ƙauyuka. Lokacin yi shi ne ƙarshen damina, kafin sanyi ya sauka, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa. Da yake kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, maƙwabta su haɗa kai a yi rana ɗaya, kuɗin ya ragu, unguwar duka ta tsira.

Yawanci cutar daga kasuwa take shigowa. Idan annoba ta fara a wani ƙauye, masu kaji sukan yi gaggawar sayarwa da araha, mai sayen ya kai gida ya saki cikin nasa. Duk tsuntsun da aka sayo, ko aka samu kyauta, ko aka karɓa a rabon tallafi, a ware shi mako biyu. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji, domin kare da hankaka za su ja gawar zuwa gidan wani.

Idan kaji da zabi da agwagi suna mutuwa farat ɗaya da yawa, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take, kada a yanka, kada a ci. Murar tsuntsaye tana kama da Niyukasul a ido, amma ita tana iya kama mutum. An tabbatar da ita karon farko a Nijar a Magariya, jihar Damagaram, cikin Fabrairun 2006, jim kaɗan bayan ta ɓulla a jihar Kaduna, kuma sai an yi gwaji a ɗakin bincike ake bambance su.

Ƙananan ƙwari su ma suna rage ƙwai da jini a hankali. Kaskar kaji tana ɓuya a tsagar itace da bangon akurki da rana, ta fito shan jini da dare, har kaza mai kwanci ta gudu ta bar ƙwanta. A share akurki kowane mako, a zuba toka a ƙasa da wurin da kaji ke birgima, a shafe tsagogi da laka ko farar ƙasa, a ƙone tsohuwar shimfiɗar kwanci kafin a sa wa wata kaza sababbin ƙwai.