Daga Meredith zuwa Ronaldo: Wa Ke Auna Laifin Ɗan Ƙwallo?

A watan Nuwamban 2025, a birnin Dublin, alƙalin wasa ya ɗaga wa Cristiano Ronaldo jan kati bayan ya kai wa ɗan bayan Ireland, Dara O'Shea, gwiwar hannu. A ƙa'ida, irin wannan laifi dakatarwar wasa uku ce. FIFA ta yanke ukun, amma ta jingine biyu na tsawon shekara guda, ɗayan kuwa ya riga ya wuce a wasan Portugal da Armeniya. Hanyarsa ta zuwa Gasar Kofin Duniya ta 2026 ta buɗe ke nan. Gardama ta kaure a gidajen kallon ƙwallo, wasu na cewa hukuma ta yi amfani da ikon da doka ta ba ta, wasu na cewa da wani ɗan wasan ne da ya sha ukunsa cur.

Farkon lamarin babu wani tsari na kirki. Lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon Ingila a 1863, kyaftin biyu ne ke sasanta saɓani a tsakaninsu, domin 'ya'yan masu hali ne ke wasan, ana kuma ɗauka mutumin kirki ba zai yi ƙeta da gangan ba. Da aka halatta biyan 'yan wasa a 1885, talakawan masana'antu suka cika fili, sai ga alƙali a tsakiyar fili da bugun fenariti a 1891.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne Manchester City. A 1901 aka ƙayyade cewa ɗan wasa ba zai karɓi fiye da fam 4 a mako ba. A 1905 aka zargi tauraron City, Billy Meredith, da yi wa wani ɗan wasan Aston Villa tayin cin hanci na fam 10, aka dakatar da shi. Da ya ga ƙungiyarsa ta juya masa baya, sai ya tona cewa ana biyan su fiye da ƙa'ida a ɓoye. A 1906 hukuma ta dakatar da 'yan wasa 17, ta ci su tara. Babban laifinsu shi ne karɓar ladan guminsu fiye da yadda masu ƙungiyoyi suka yarda a biya. Wannan takaici na cikin abin da ya sa Meredith ya shiga gaba wajen kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa a 1907.

Katin da muka sani ya zo daga baya sosai. A wasan Ingila da Ajantina na Gasar Kofin Duniya ta 1966, alƙali Bajamushe Rudolf Kreitlein ya kori kyaftin Antonio Rattín, amma babu harshen da ya haɗa su, Rattín ya daɗe bai fita ba. Ken Aston, shugaban alƙalan gasar, ya ɗauko dabarar rawaya da ja daga fitilun ba da hannu na titin Landan, aka fara aiki da ita a Mexico a 1970. Kati ya warware matsalar fili, domin kowa na ganin abin da aka yanke. Abin da ake yankewa a ofis bayan an tashi wasa, shi ne ya kasance a duhu har yau.

Bayanin da aka fi ji kan rashin daidaiton hukunci shi ne ana fifita manyan taurari. Ban gamsu da shi ba, domin tarihi cike yake da taurarin da suka ji a jikinsu. Eric Cantona ya yi wata takwas a waje bayan ya kai wa ɗan kallo ƙafa a filin Crystal Palace a Janairun 1995. Rio Ferdinand bai je gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ba a 2003, aka ba shi wata takwas da tarar fam 50,000, alhali Christian Negouai na Manchester City, wanda shi ma bai je nasa gwajin ba, fam 2,000 kawai ya biya, bai rasa wasa ko ɗaya ba. A nan shaharar ce ta ja wa Ferdinand, saboda ana son a nuna wa duniya cewa ba a wasa da doka.

Wasu kuma na cewa rashin daidaiton daga bambancin kwamitoci ne da ƙasashe, kowa da ma'auninsa. Akwai gaskiya a ciki, amma bai bayyana abin da hukuma guda ta yi cikin shekara guda ba. A 2012 UEFA ta ci Porto tarar yuro 20,000 saboda magoya bayanta sun yi wa Mario Balotelli da Yaya Touré ihun wariyar launin fata, ta kuma ci Manchester City yuro 30,000 saboda ta makara komowa fili bayan hutun rabin lokaci a wasanta da Sporting. A gasar Turai ta wannan shekarar Nicklas Bendtner ya ɗaga riga ya nuna kamfai mai ɗauke da sunan kamfanin caca wanda ba ya cikin masu ɗaukar nauyin gasar, aka ci shi yuro 100,000 da dakatarwar wasa ɗaya. Ninki biyar ke nan na kuɗin da aka ɗora wa cin mutuncin baƙar fata. Wannan lissafin yana min ciwo duk lokacin da na tuna shi.

A ganina zaren da ya haɗa 1906 da 2012 da 2025 ɗaya ne. Hukumar da ke rubuta doka ita ce ke shigar da ƙara, kwamitinta ke yanke hukunci, ita ce kuma ke sayar da gasar. An ba kura ajiyar nama. Idan laifi ya taɓa kuɗinta ko sunanta, hukunci ya yi nauyi, idan kuma hukuncin ne zai rage mata 'yan kallo, sai a nemo sassauci. Dubi Ivan Toney, wanda aka dakatar wata takwas a 2023 saboda caca. Ya karya doka, ba na kare shi, amma rigar Brentford da yake sawa a lokacin tallan kamfanin caca ne a ƙirjinta.

Ɗan adalcin da aka samu daga waje aka tilasta shi. Ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa a Ingila ta karya ƙayyade albashi a 1961, kuma a kwantiragin da ake amfani da shi can, tarar da kulob ke cin ɗan wasa a al'ada ba ta wuce albashin mako biyu, wato mai ƙaramin albashi ba ya biyan abin da mai babba ke biya. Kotun sauraron ƙararrakin wasanni da aka kafa a Lausanne a 1984, wadda FIFA ba ta amince da ita ba sai a 2002, ita ce ta rage dakatarwar mai tsaron gidan Kamaru, André Onana, daga shekara guda zuwa wata tara a 2021. Sai dai Onana yana Ajax a lokacin, da lauyoyi a bayansa. Ɗan wasan da ke bin kulob ɗinsa albashin wata da watanni ba shi da kuɗin kai ƙara Switzerland, duk abin da kwamiti ya yanke masa shi zai ɗauka.