Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Fataken Kano da Lokacin Ƙara Hannu

A kakar 1912, 'yan watanni bayan jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya tsakanin Kano da Legas, gyaɗa ta yi wa birnin Dabo ambaliya. Turawan mulkin mallaka sun sa rai auduga ce za ta cika taragun, domin ita masaƙun Ingila ke nema. Manoman ƙasar Kano kuwa suka dubi farashi, suka zaɓi gyaɗa. Buhuna suka taru a tasha har jirgin ya kasa kwashewa. A 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba.

Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda ya bi diddigin wannan lamari, ya nuna cewa kamfanonin Turawa ba su da ƙafar shiga ƙauyuka. Waɗanda suka shiga su ne tsofaffin attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu na unguwar Ƙoƙi da Maikano Agogo. Sun karɓi jari daga kamfanoni, suka baza yaransu da kuɗi da gishiri da tufafi, suna saye suna kuma kwaɗaitar da manoma su ƙara shukawa. Abin da ya ba su rinjaye shi ne mutanen da za su danƙa wa kuɗi, su nufi Bichi ko Gaya, su dawo da kaya da lissafi cif. Tambayar da ta dace da duk mai ƙaramar sana'a a yau ita ce: yaushe suka ɗauki waɗannan mutane? Ba a 1912 ba. Sun rene su shekaru kafin nan, a kan hanyar Gwanja.

Tun ƙarni na 18 zuwa ƙarshen na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa Borgu, ya sauka kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau. Sukan tafi da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da dabbobi, su dawo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a bincikensa. Ayari ɗaya kan kai mutum dubu ko fiye, tafiya da dawowa kuma takan ci watanni da yawa. Madugu ne shugaba, jagaba ya san hanya, uban dawaki ke tara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, malamin ayari kuma na riƙe da alƙalami da addu'a.

Amma ayari ba kamfani ɗaya ba ne. Taron ƙananan sana'o'i ne da suka haɗa hanya saboda tsaro. Falke mai jakai biyar da matarsa da ƙaninsa sana'a ce mai zaman kanta, kuma shi ma yana fuskantar irin shawarar da mai gidan burodi ke fuskanta yau: aiki ya fi ƙarfin hannun da ke akwai, shin a ƙaro wani?

Falke yakan raba aikin gida biyu kafin ya yanke shawara. Akwai aikin da ƙarfi yake buƙata: ɗaukar kaya, korar jakai, sauke huhu a zango. Wannan sai kaya ya samu ake neman mai yinsa, a yi jinga da 'yan alaro daga gari kaza zuwa gari kaza, a biya, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ke ciyar da ɗan dako tsawon damina yana jiran tafiyar rani. Akwai kuma aikin da amana da sani yake buƙata, kuma goro kansa ya tilasta hakan. Kaya ne mai rai: sai an naɗe shi da ganyen fita, ana yayyafa ruwa, ana kwance huhu lokaci zuwa lokaci a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Wanda bai san goro ba zai iya isa Kano da asarar rabin jari ba tare da ya saci ko ƙwaya ɗaya ba. Irin wannan hannu ba a samunsa a bakin kasuwa ranar da aka buƙace shi.

(Wajibi ne a faɗi abin da ake yawan tsallakewa idan ana yabon fataken da: da yawa daga cikin masu ɗaukar kayan manyan attajirai bayi ne, ba a tambaye su ba, ba a kuma biya su ba. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yantar da 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Wani ɓangare na arhar hannu a wancan zamani daga nan ya fito, kuma ba abin koyi ba ne.)

Hannun amana shi ake kira yaro, ko da gemunsa ya yi furfura. Yakan shigo gidan attajiri yana ƙarami, ɗan dangi ko ɗan maƙwabci ko almajirin da aka ga hankalinsa. Ya fara da aike, ya koma tsaron kaya, sannan a ba shi ɗan abin da ko ya salwanta gida ba zai girgiza ba, a ga yadda zai yi. Ba a yanka masa albashi, amma kada wannan ya ruɗi mai karatu ya ɗauka kyauta yake aiki. Ci da sha da sutura da ɗaki na wuyan maigida. In ya isa aure maigida ne zai yi masa. In ya yi rashin lafiya shi ne zai nemi magani. A ƙarshe kuma ya sallame shi da jarin da zai tsaya da ƙafarsa. Idan aka tara wannan duka, ɗaukar yaro ɗaya alkawari ne na shekara goma ko fiye. Shi ya sa attajiri mai hankali ba ya auna shawarar da cinikin kaka, lokacin da kowa ke jin kansa mai kuɗi. Da shekarar da ayari ya dawo hannu rabbana yake aunawa, domin a wannan shekarar ma yaron zai ci tuwo.

Tsakanin jinga da reno akwai hanya ta uku wadda fiƙihun Malikiyya ya tanada, wato ƙiradi, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya gamu da ita: ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, in an yi asara ba da sakaci ba, mai jari ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Da wannan attajiri kan buɗe sabuwar hanya ba tare da ya ɗora wa kansa ciyar da sabon baki ba. A ganina wannan ita ce dabarar da masu ƙananan sana'o'i na yanzu suka fi yin watsi da ita, alhali ita ta fi dacewa da mai son gwada reshe na biyu.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne da ya taso cikin wannan tsari. Ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja da Kumasi, yana cikin waɗanda suka fara turo shi ta teku zuwa Legas. Ba ya cikin rukunin farko na masu sayen gyaɗa; sai a 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi. Duk da haka cikin 'yan shekaru ya sha gaban waɗanda suka riga shi, da taimakon wakilan da ya riga ya san halinsu, yana ba su kuɗi tun kafin kaka su shiga ƙauyuka. A lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Tsarin bai tsaya a Kano ba. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da masu gidajen saukar fatake suna riƙe da cinikin shanu da goro ta hannun dillalai da malaman lissafi da yara. Shanu bashi ake sayar wa mahauta, maigida ne kuma ke lamuni. Dillali ɗaya da ya sayar wa mahaucin da ba ya biya ya isa ya zubar da sunan gida, fatake su koma wani masauki. Don haka ba a ɗaga yaro zuwa dillanci saboda shanu sun yi yawa a kara. Sai ya daɗe yana bin manya har ya san wane mahauci ne ke cika alkawari.

Tsarin yana da tsadarsa. Da farashin gyaɗa ya faɗi bayan 1929, kamfani na iya rufe kanti ya sallami akawu, amma maigida ba ya korar wanda ya yi wa aure ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Wanda ya tara yara da yawa a shekarun daɗi shi ya fi jin jiki.

Abin da ya canza a yau shi ne alkawarin ya gajarce. Matashin da ke tsaron shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi bai cika yarda ya jira sallamar shekara goma ba. Kuɗin wata yake so, kuma yana da gaskiya, domin ya ga waɗanda suka jira aka sallame su da addu'a kawai. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta sa naira 70,000 a wata, ko da yake ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Telan da ɗinki ya yi wa yawa ana saura mako uku sallah, aikin 'yan alaro ne ke gabansa: ya kira mai sa maɓalli da mai guga a biya su bisa yawan riga. Wanda kuwa yake neman mai yanka yadin mutane da riƙe aljihun kuɗi idan ya tafi kasuwa, da wannan ma'auni naira 840,000 zai fitar a shekara, har da watannin tsakiyar damina da keken ɗinki kan wuni a rufe, kuma watanni shida na farko koyarwa zai yi ta yi.