Tsakuwa a Buhun Auduga: Yadda Aka Leƙa Cikin Furoton

Madatsar ruwan Sinnar ta ƙasar Sudan, wadda aka kammala a 1925, tsawonta ya ɗan haura kilomita 3. Mutumin garin Mai Wurno da ya taɓa tsayawa a bakinta ya hangi ɗaya gefen ya san ba ƙaramin gini ba ne. To kusan tsawonsu ɗaya da wani miƙaƙƙen bututu da aka binne a kusa da Jami'ar Stanford, a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka kunna shi a 1966. Madatsar ruwa take tarewa don gonakin Jazira. Shi kuwa bututun, na cibiyar SLAC, aikinsa a lokacin shi ne ya kori ilektiron a guje har kilomita 3.2, sannan ya maka shi a kan abin da ido bai taɓa gani ba, wato furoton, wanda ke zaune a cibiyar ƙwayar zarra.

Kafin nan an ɗan san furoton. Robert Hofstadter ya auna faɗinsa a Stanford cikin shekarun 1950, kuma abin da ya gani ya yi kama da dunƙulen auduga, laushi ko'ina. A 1964 sai Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa daban, suka ce a'a, ƙwayoyi uku ne a ciki, masu guntun caji, biyu bisa uku ko ɗaya bisa uku. Gell-Mann ya raɗa musu suna kwak. An nema, an nema, ba a kama ko ɗaya shi kaɗai ba, don haka masana da yawa suka ɗauki maganar a matsayin dabarar lissafi kawai.

Yaya za a gane abin da ke cikin buhun da ba ya kwantuwa? A ce buhun auduga ne, ana zargin an cusa tsakuwa a ciki don ƙarin nauyi. Sai a yi ta harbinsa da ƙananan harsasai. In auduga ce zalla, duk za su wuce, da ƙyar su karkace. In akwai tsakuwa, nan da can wani zai yi tsalle gefe. Abin da Jerome Friedman da Henry Kendall na jami'ar MIT da Richard Taylor na SLAC suka fara yi ke nan a 1967, su da abokan aikinsu. Buhun nasu ruwan haidirojin ne mai tsananin sanyi. A bayansa suka jera manyan na'urori masu nauyin ɗaruruwan tan, suna ƙirga ilektiron nawa suka fito ta wace kusurwa, da yawan ƙarfin da kowanne ya zubar a ciki. An zaci masu karkacewa sosai za su yi ƙaranci ƙwarai. Sai ga su da yawa. Shugaban SLAC, Wolfgang Panofsky, ya kai sakamakon farko taron Biyena a 1968, yana taka-tsantsan da kalamansa.

Sai dai lambobi ba su da baki. James Bjorken ne ya ce a sake zana su bisa wani ma'auni guda, kuma da aka yi haka, ɗigo-ɗigon da ke warwatse suka hau layi ɗaya. Lissafinsa ya yi wa masu awon tsauri, har sai da Richard Feynman ya ziyarci SLAC a watan Agustan 1968 ya fassara musu shi a sauƙaƙe: ilektiron yana cin karo ne da ƙwaya ɗaya a cikin furoton, ma'aunin nan kuwa, wanda yau ake rubutawa x, shi ne kason ƙarfin gudun furoton da ƙwayar ke ɗauke da shi. Tun daga ranar, tambayar sana'ar ta zama ɗaya: a kowane x, kwak nawa ne, kuma wane iri?

Da aka tara kason kwak duka, sai ya tsaya wajen rabi. Sauran rabin yana hannun wani abu marar caji da ilektiron ba ya ji. Shi ne guluwon, ƙaron da ke riƙe kwak, wanda aka ga sawunsa a 1979 a cibiyar DESY ta Hambug. Friedman da Kendall da Taylor sun karɓi kyautar Nobel a 1990.

A Hambug ɗin ne kuma aka gina HERA, zobe mai kewayen kilomita 6.3, wanda daga 1992 zuwa 2007 ya riƙa haɗa ilektiron da furoton gaba da gaba. Gwaje-gwajen H1 da ZEUS sun gangara zuwa x ƙanƙani sosai, suka tarar da cunkoso: guluwon rututu, da kwak da kishiyoyinsu masu akasin caji suna ɓullowa biyu-biyu suna ɓacewa. Masana suna kiran wannan taron teku. Ukun nan na Gell-Mann suna nan, amma kamar masu gida uku ne a ranar biki.

Ɗalibin da ke neman waɗannan alƙaluma yau zai same su kyauta a rumbun HEPData da Jami'ar Durham ta Ingila ke riƙe da shi. A nan ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe, don abin da ke cikin teburan ba rabon kwak ba ne, yawan karo ne da aka ƙirga, tare da iyakar kuskurensa. Rabon sai an ciro shi: a zaci siffarsa, a bi da ita ta lissafin da Gribov da Lipatov da Altarelli da Parisi da Dokshitzer suka shimfiɗa cikin shekarun 1970, a gwada da dubban awo, a gyara, a sake. Amsar ma tana sauyawa da ƙarfin bugun, don bugu mai ƙarfi ya fi ganin ƙananan abubuwa. Ƙungiyoyi irin su CTEQ da MSHT da NNPDF kowacce tana fitar da nata, kuma inda awo ya yi ƙaranci sukan saɓa.

Wani lokacin zaton ne ke cin amana. An daɗe ana ɗauka cewa a cikin tekun nan kishiyar irin kwak da ake kira na sama da kishiyar irin da ake kira na ƙasa yawansu ɗaya, tunda nauyinsu kusan ɗaya ne. Gwajin NMC a cibiyar CERN ya karya wannan a 1991, cibiyar Fermilab ta tabbatar a 1998, sannan gwajin SeaQuest ya nuna a 2021 cewa kishiyar na ƙasa ce ke rinjaye har a x mai ɗan girma. Ana ta gardamar dalili, yayin da a Brookhaven ta jihar New York, wadda aka zaɓa a 2020, ake shirin gina sabon zobe da zai koma kan buhun.