Taƙaitaccen Tarihin Yelwa ta Yawuri da Tafkin Kainji

Duk wanda ke son ya san garin nan namu na Yelwa, to, ya fara da sanin ruwan da ke gabansa, gama tarihinmu da abincinmu duka a bakin ruwan nan suke. Yelwa tana gaɓar gabas ta kogin Kwara, wajen da tafkin Kainji ya ƙare ta arewa. Ita ce hedkwatar masarautar Yawuri, cikin Jihar Kebbi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991.

Yawuri tsohuwar ƙasa ce, tana cikin waɗanda marubutan tarihi ke kira Banza Bakwai. Da fari sarakunanta suna zaune a Birnin Yawuri ne, can cikin tudu. Zamanin jihadi suka yi amana da Gwandu, aka bar musu sarautarsu a gidansu. Bayan rikicin cikin gida, har sarki ya taɓa zama a tsibiri, sai aka mayar da gadon sarauta Yelwa a 1888. Tun kafin wannan kuwa fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna bi ta ƙasar nan, su yada zango, su ƙetare Kwara. Ta nan Bature Mungo Park ya wuce cikin jirgi kafin ya halaka a Bussa a 1806, har wa yau Lander da ƙanensa suka zo a 1830 suna neman takardunsa wurin Sarki.

A wancan zamani kogin cike yake da tsibirai, watau gungu, shi ya sa ake ce wa mazaunansu Gungawa. Manoman albasa ne na gaske, suna ɗebo ruwa da jigo suna ban ruwa da rani. Akwai kuma Kambari da Shangawa da Dukkawa, ga Sarkawa masu sana'ar su.

Babban abin da ya sauya ƙasar nan shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka soma ginawa a 1964, aka gama a 1968, domin samar da wutar lantarki. Da aka tare kogin sai ruwa ya koma baya ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohon garin Bussa ya nutse, haka kuma tsibirai da yawa na Gungawa, da gonakinsu da maƙabartun kakanninsu. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka kai su sababbin matsugunai. Dattawanmu da suka ga wannan ƙaura ba su manta ba, mu ma bai kamata mu manta ba, domin wutar da ake sha a manyan birane da gidajen mutanen nan aka saye ta.

Amma tafkin da ya karɓa ya kuma bayar. Shekarun farko kifi ya yi albarka ƙwarai, masunta suka taho daga nesa. Giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, ɗanye da banda, ana ɗaukarsu daga kasuwarmu zuwa kudu da arewa. Sa'an nan ruwan yakan zo mana sau biyu a shekara: farin ruwa na daminar ƙasarmu, da baƙin ruwa mai tasowa tun daga ƙasar Gini, wanda ke isowa da hunturu. Idan tafki ya janye da bazara sai ya bar ƙasa mai laima, manomi ya shuka. Da wannan ne albasar Yawuri da shinkafarta suka riƙe sunansu.

Baƙo mai son buɗe ido shi ma ba ya rasa abin kallo. Akwai bikin Rigata, inda samari ke tseren jirage da ninkaya gaban Sarki. Akwai kufan ganuwar Birnin Yawuri. Can kudu kuma ga gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, ko da yake rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan ya rage masu zuwa.

To, abu biyu muke so mu ajiye wa mai karatu. Na ɗaya, kifin tafkin nan ya ragu bisa ga na farko, kuma cikin dalilan akwai taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi? Na biyu, lodin jirgi fiye da ƙima. A watan Mayu na 2021 jirgi ya karye kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Kuɗin mutum goma na ƙari ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Kakanninmu sun bar mana kogi, mu kuma tafki za mu bar wa na baya. Ya wajaba masunta su bi dokar taru, masu jirage su tsaya ga adadi, hukuma kuma ta sa ido. Allah Ya zaunar da ƙasar Yawuri lafiya, amin.